RANAR KOMAWA GIDA: NASIHA GA MATAFIYIN DA YA GAMA HUTU

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam abubuwan hawa a tudu da ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako za mu yi magana ne a kan wata rana guda ɗaya wadda mutane ba su cika yi mata tanadi ba, alhali kuwa ita ce ta fi kowace rana nauyi a cikin tafiya, watau ranar komawa gida. Mun lura cewa idan ma'aikaci ya karɓi hutunsa na shekara, ko ɗan kasuwa ya bar kantinsa a hannun yaransa, ya yi niyyar ɗaukar iyalinsa a mota su je ziyara ko shan iska, to, shirin tafiya yakan ci mako guda. Za a kai mota wurin bakanike, a canja baƙin mai, a duba birki, uwargida ta haɗa guzuri, a yi sallama da maƙwabta, a roƙi addu'ar iyaye. Amma ranar dawowa babu wanda yake yi mata ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ga jiki ya gaji, ga aljihu ya yi sauƙi, ga yara sun ƙosa, ga ofis yana jira ranar Litinin da safe, ga zuciyar ɗan kasuwa ta riga shi isa kanti. A cikin wannan hali ne maigida yake zama a bayan sitiyari, ya ɗauki rayukan da Allah ya ba shi amanarsu, ya ce sai ya kwana a ɗakinsa ko ta halin ƙaƙa.

MISALIN HANYA GUDA

Don kada maganar ta zama a iska, bari mu ɗauki hanya guda wadda da yawa daga cikin masu karatu suka sani. A ƙaddara wani magidanci mazaunin Katsina ya kai iyalinsa Gandun Daji na Yankari a Jihar Bauci, wanda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa masu ziyara a 1962, suka yi 'yan kwanaki suna kallon giwaye da birai, suna wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Yau hutu ya ƙare.

Daga masaukin Wikki zuwa garin Bauci tafiyar ta haura kilomita 100. Daga Bauci zuwa Kano, ta Ningi da Birnin Kudu da Wudil, kimanin kilomita 300 ne. Daga Kano zuwa Katsina, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, kimanin kilomita 170 ne. In an haɗa, abin ya tasam ma kilomita 600. Ka'idar hanya ta Nijeriya ta ƙayyade wa ƙaramar mota gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari, da 80 a kan babbar hanya, da 100 a kan tagwayen hanyoyi na musamman. Idan aka lissafa ramuka, da kasuwannin bakin titi, da shingayen bincike, da garken shanu masu ƙetarawa, da cunkoson ratsa birnin Kano, da wuya mai bin doka ya ci fiye da kilomita 60 zuwa 65 a kowace sa'a. Ke nan tuƙi zalla zai ci masa sa'a 9 ko fiye, in kuma aka ƙara tsayawar salla da cin abinci da shan mai, sai a nemi sa'a 11 zuwa 12.

To, ga inda lissafin yake da amfani. Wanda ya tashi ƙarfe 7 na safe zai shiga Katsina wajen magariba. Wanda kuwa ya ce bari yara su ƙara yin wanka sau ɗaya, a ci abincin rana tukuna, bai tashi ba sai tsakar rana, shi ne wanda ƙarfe 10 na dare za ta same shi a tsakanin Tsanyawa da Kankiya, cikin duhu, fitilun manyan motoci suna dukan idonsa, kowa a motar ya yi barci sai shi kaɗai. Hanya ɗaya ce, mota ɗaya ce, direba ɗaya ne, amma bambancin sa'a biyar na tashi ya mayar da tafiyar wata aba dabam.

GAGGAWAR DA AKA KWAƊAITAR DA ITA

Wani zai ce ai Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya kwaɗaitar da gaggawar komawa ga iyali. Haka ne. Imamu Malik ya kawo hadisin a cikin Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma sun ruwaito shi daga Abu Huraira, inda aka siffanta tafiya da cewa wani yanki ce na azaba saboda tana tauye wa mutum ci da sha da barci, aka kuma umurci wanda ya biya buƙatarsa da ya hanzarta komawa gida. Sai dai a lura da inda hanzarin ya faɗa. Hanzarin yana kan barin wurin da aka je ne da zarar buƙata ta biya, watau kada mutum ya yi ta jan jiki a garin mutane babu dalili. Babu inda aka ce ya azabtar da abin hawansa ko abokan tafiyarsa a kan hanya. Abin mamaki shi ne mu mun juya al'amarin: mukan yi nawa a wurin da aka ce mu hanzarta, mu kai har azahar muna sallama da ɗaure kaya, sa'an nan mu zo mu yi gaggawa a wurin da aka ce mu natsu.

Dalilin natsuwa a kan hanya kuwa a bayyane yake a cikin sunna. A Hajjin Ban Kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, lokacin da jama'a suka taso daga Arfa suna dukan raƙuma suna tsawa, Annabi (S.A.W.) ya yi musu nuni da bulalarsa ya umurce su da natsuwa, ya sanar da su cewa ba a samun aikin kirki ta hanyar sukuwa. Haka kuma a wata tafiya, da wani bawansa mai suna Anjasha yake rera wa raƙuma waƙa suna ƙara sauri alhali suna ɗauke da mata, sai ya umurce shi da ya sassauta, ya kamanta matan da kayan gilashi masu saurin fashewa. In har an ji wa mata tsoron saurin raƙumi, to, me za a ce game da ƙarfen da yake gudun kilomita 120 a sa'a, ga uwargida ga jariri a cinyarta?

Bari mu yi wa 'yan kasuwa lissafin riba da hasara, tun da shi ne harshen da suka fi ji. Kilomita 170 na Kano zuwa Katsina, in da hanya a buɗe take babu tsayawa, mai gudun 100 zai cinye su a minti 102, mai gudun 120 kuwa a minti 85. Ribar duka minti 17 ce. Hasarar fa? Nisan da mota take ci kafin birki ya tsayar da ita yana ƙaruwa ne ninki bisa ninki, ba daidai da ƙarin gudun ba: motar da take gudun 120 tana buƙatar fiye da ninki biyu na filin da mai gudun 80 take buƙata kafin ta tsaya cak. Wane ɗan kasuwa ne mai hankali zai sa dukkan jarinsa a cinikin da ribarsa minti 17 ce? Hausawa dai sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Iyayenmu fatake da suka yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja wajen fataucin goro sun san wannan tun kafin a ƙera mota. Tafiyarsu ta watanni ce, kuma madugu ne yake yanke inda za a yi zango. Akan yi sammako a ci hanya da sanyin safiya, a sauke kaya tun da sauran rana, a ba jakuna ruwa da abinci, a kwana. Madugun da ya ƙetare zango don ɗokin gida, jakunansa ne za su fara gaya masa kuskurensa. Mota ba ta kuka kamar jaki, shi ya sa muke mantawa cewa mai tuƙa ta nama ne da jini.

BARCI ƘANIN MUTUWA

Babban abokin gaban mai komawa gida shi ne gyangyaɗi. A kan wannan akwai darasi a cikin tarihin Annabi (S.A.W.), kuma shi ma a hanyar komawa gida ya faru. A shekara ta 7 bayan Hijira, da Musulmi suka juyo daga Haibara za su Madina, sun yi tafiyar dare har barci ya fara rinjayarsu. Sai Manzon Allah (S.A.W.) ya tsayar da rundunar aka sauka, ya ɗora wa Bilal aikin tsaron alfijir. Bilal ya yi nafila gwargwadon abin da ya sawwaƙa, da asuba ta gabato ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, sai barci ya kwashe shi. Babu wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Suka matsa gaba kaɗan, aka yi alwala, aka rama sallar asuba cikin jam'i. Malik da Muslim duk sun kawo wannan labari.

Abu biyu muke so a ɗauka daga nan. Na farko, shugaban tafiya da ya ga barci ya zo, sai ya tsayar da tafiya, bai ce a daure a ƙarasa ba. Na biyu, Bilal ne fa, mai kiran sallar Manzon Allah, wanda ya yi alkawari ga mafificin halitta, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa, amma duk da haka idonsa ya ci amanarsa. To, wane ne kai da za ka ce ƙarfin zuciya da goro biyu za su riƙe maka ido daga Kano zuwa Katsina? Har ila yau ya tabbata daga Nana A'isha cewa an umurci wanda gyangyaɗi ya kama yana cikin salla da ya je ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya zo neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. Idan an yarda a ajiye nafila saboda gyangyaɗi, sitiyari ya fi cancanta a ajiye.

Likitoci ma sun auna wannan abu. A wani bincike da aka buga a 1997 daga ƙasar Ostireliya, an gano cewa mutumin da ya yi sa'a 17 idonsa biyu, hannunsa da idonsa sukan yi rauni daidai da na wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, wanda shi ne iyakar da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi a kanta. Yanzu a koma ga magidancinmu. Ya tashi sallar asuba ƙarfe 5, bai runtsa ba da rana. Ƙarfe 10 na dare sa'arsa 17 ke nan cif. Mutumin da bai taɓa kusantar giya ba tun da aka haife shi, wanda zai yi fushi in an haɗa sunansa da mashaya, ga shi yana tuƙa 'ya'yansa a cikin halin da bai fi na mashayi ba. Illar da ta sa aka hana mai maye riƙe sitiyari ita ce gushewar hankali da mutuwar gaɓoɓi, kuma ga ta nan ta samu ta wata ƙofa.

Gyangyaɗin direba ba ya buƙatar minti guda. Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ido ya rufe na daƙiƙa 4 kacal, mota ta ci mita 111 babu mai tuƙa ta, watau fiye da tsawon filin ƙwallo. Alamominsa kuwa sanannu ne: yawan hamma, nauyin fatar ido, mota ta riƙa karkata tana taka gefen titi, ko mutum ya ga ya wuce wani gari amma bai tuna lokacin da ya ratsa shi ba. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, to, buɗe gilashi da ƙara muryar rediyo ba magani ba ne. Magani shi ne ya nemi wuri amintacce, kamar gidan mai ko harabar masallaci a cikin gari, ya kwanta ko da na minti 20 ne. Lokutan da jiki ya fi neman barci su ne bayan azahar da kuma tsakiyar dare zuwa asuba, saboda haka ƙailula ga direba tana cikin kayan aiki, kamar yadda taya safaya take. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana direban babbar mota, wanda tuƙi ne sana'arsa, wuce sa'a 9 a rana a bisa al'ada, ta kuma tilasta masa hutun minti 45 bayan tuƙin sa'a huɗu da rabi. Ma'aikacin ofis da bai saba da doguwar hanya ba sai sau ɗaya a shekara ya fi shi buƙatar wannan iyaka.

Kuma idan za a tsaya, a kauce wa kan titi sosai. Muslim ya ruwaito umurnin cewa matafiya in za su yada zango da dare su nisanci tsakiyar hanya, domin ita ce mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. A yau dabbar da take bin hanya da dare ita ce tirela da tankar mai.

SALLAR MAI KOMAWA GIDA

Tambayar da ta fi yawa a kan irin wannan rana ita ce ta salla, kuma galibi kuskure iri biyu ake yi. Wani yakan tara azahar da la'asar da magariba da lisha ya ce sai ya isa gida ya sauke su gaba ɗaya, wai shi matafiyi ne. Wani kuma yakan ƙi karɓar sauƙin da Allah ya yi masa, yana ganin tafiyar hutu ba ta kai a yi mata ƙasaru ba. Ga bayanin a taƙaice bisa mazhabar Malikiyya wadda muke bi a wannan ƙasa, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Shehu Halil.

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 101, kuma a wurinmu sunna ce mai ƙarfi. Sharaɗinsa tafiyar ta kai baridi 4, watau mil 48 na malaman fiƙihu, wanda ya yi daidai da kimanin kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Azahar da la'asar da lisha su ne ake mayarwa raka'a bibbiyu. Asuba da magariba suna nan yadda suke. Malamanmu sun hana ƙasaru ga mai tafiyar saɓo, sun kuma karhanta shi ga wanda ya fita don wasa zalla, kamar mai farautar nishaɗi. Amma magidancin da ya kai iyalinsa su huta, su sada zumunci, su ga halittun Allah, tafiyarsa halal ce, komawarsa ga gidansa da aikinsa kuwa babu mai jayayya a kan halaccinta.

Idan tun da ya isa masauki ya yi niyyar zaman cikakkun kwana 4, to, a can cika salla zai yi. Ranar da ya kama hanyar gida, da zarar ya wuce gine-ginen wurin, hukuncin matafiyi ya dawo masa, kuma yana tare da shi har ya iso gidajen farko na garinsu. Akwai wata mas'ala da ta shafi 'yan kasuwa masu gida biyu: wanda yake da mata a Kano wadda ta tare, in ya shiga Kano ƙasarunsa ya yanke, zai cika salla a can. In ya fito ya nufi Katsina sai ya koma ƙasaru, tun da abin da ya rage ya wuce kilomita 80. Idan kuma ya tsaya a masallacin bakin hanya ya bi limami mazaunin gari, to, raka'a huɗu zai yi tare da shi.

Game da haɗa salla biyu, an yi rangwame ga matafiyin tudu ya haɗa azahar da la'asar, ko magariba da lisha. Ba a haɗa la'asar da magariba, ba a kuma haɗa asuba da kowace salla. Idan rana ta karkata yana sauke, misali a Birnin Kudu, kuma ya san ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwar rana, sai ya yi azahar ya biyo ta da la'asar nan take kafin ya tashi. Idan kuwa ya san zai sauka tun rana ba ta yi fatsi-fatsi ba, sai ya yi azahar kaɗai, ya bar la'asar sai ya sauka. Idan rana ta karkata yana cikin tafiya, kuma zai sauka kafin ta yi fatsi-fatsi, yana iya jinkirta su biyun ya yi su tare a inda ya sauka. Sallar da ya shigo garinsu da sauran lokacinta, cika ta zai yi. Wadda kuwa lokacinta ya fita yana kan hanya, ramuwa ce, zai rama ta raka'a biyu yadda ta kuɓuce masa, tare da neman gafara in da gangan ya bari. Farilla ba ta inganta a zaune a kujerar mota ga mai lafiya wanda yake da ikon sauka. In babu ruwa, ga ƙasa nan, taimama ta isar.

Duk da wannan rangwame, malamanmu sun ce barin haɗawar ya fi ga wanda babu abin da ya matsa masa. A nan muna so mai karatu ya dubi wata hikima. Masana harkar tuƙi suna ba da shawarar a riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa bayan kowace sa'a biyu ko makamancin haka. To, a dubi tazarar da take tsakanin azahar da la'asar, da tsakanin la'asar da magariba: ba ta wuce sa'a biyu zuwa uku ba. Matafiyin da yake sauka ya yi kowace salla a lokacinta, ya wanke fuska da ruwan alwala, ya yi ruku'u da sujada jini ya zaga jikinsa, yara su sha iska, injin ya huce, ya riga ya cika shawarar masana ba tare da ya karanta ta ba. Wanda ya tara sallolinsa don kada ya ɓata minti goma, ya tauye haƙƙin Ubangijinsa, ya kuma hana kansa hutun da zai kai shi gida lafiya.

IDAN TSAUTSAYI YA AUKU

Sau da yawa in an yi wa mutum irin wannan nasiha sai ya ce ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko a kan gado ma mutuwa ake yi. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma ba a kafa hujja da ita don a tsere wa alhaki. Tirmizi ya ruwaito cewa da wani mutum ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umurce shi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanyoyi duk shekara. Nijeriya ma saboda yawan wannan asara ce ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan mas'ala a taronta na 8 a ƙasar Burunai a 1993, ta kuma yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne na addini, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo wa rai ko dukiya ta hanyar sakaci ko ƙetare iyaka. Hukuncin kisan kuskure kuwa yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92: diyya ga magada, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, da kuma kaffara, wadda a wannan zamani ta koma azumin wata biyu a jere. Ko magada sun yafe diyya, kaffara tana nan, domin ita haƙƙin Allah ce. Kuma ba ta faɗuwa don wanda ya rasu ɗan direban ne ko matarsa. Ya ɗan'uwa, ka auna wannan da kuɗin ɗaki ɗaya a masauki a Kano, ko da kunyar buga wa shugabanka na ofis waya ka ce za ka makara ranar Litinin.

Saboda haka ɗaure raƙumi a ranar komawa yana farawa ne tun daren jiya. A ɗaure kaya, a biya kuɗin masauki, a yi sallama da mutane, a kwanta da wuri. Da safe a zaga mota a duba ruwan lagireto da baƙin mai da fitilu da iskar tayoyi, har da safaya da jak. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma tsohuwar taya ta gwanjo ita ce take fashewa in kwalta ta yi zafi ga lodi ya yi yawa. Kowa ya ɗaura bel, yara su zauna a baya. In akwai wani mai lasisi a cikin motar, a riƙa karɓa-karɓa. Wanda yake zaune kusa da direba kada ya yi barci ya bar shi, shi ma yana da rabonsa na amana. Abu Dawuda ya ruwaito umurnin cewa mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, kuma aikin shugaba ne ya yanke tun da safe cewa in magariba ta same mu ba mu wuce wuri kaza ba, a nan za mu kwana. Dare a hanyoyinmu yana da nasa sharrin ban da barci: motocin da suka lalace aka bari babu alama, da masu tafiya da fitila ɗaya, da 'yan fashi da masu satar mutane.

SHIGA GARI

Ya tabbata cewa Annabi (S.A.W.) ba ya afka wa iyalinsa da dare in ya dawo daga tafiya, yakan shigo ne da hantsi ko da yamma, kuma ya hana wanda ya daɗe ba ya nan ya yi wa mutanen gidansa dirar dare ba su sani ba. A yau waya ta sauƙaƙe wannan: a sanar da na gida lokacin da ake sa ran isowa, amma wanda ba ya tuƙi shi zai yi kiran. Haka kuma Ka'abu ɗan Malik ya ba da labarin cewa in ya dawo yakan fara da masallaci ya yi raka'a biyu kafin ya zauna da mutane. Wannan sunna ce da ta kusa ɓacewa a cikinmu, ga ta kuwa da sauƙi ga wanda ya iso da sauran haske.

A ƙarshe muna jan hankali a kan kilomitocin ƙarshe. Idan mutum ya fara hango fitilun garinsu, jiki yakan saki, hankali ya riga mota shiga gida, alhali a nan ne masu babur da masu tafiya a ƙasa da yara suka fi yawa. Addu'ar hawa abin hawa, wadda aka ciro daga Suratuz Zuhrufi, aya ta 13 da ta 14, tana ƙarewa ne da tuna wa mahayi cewa makomarsa ta gaskiya wurin Ubangijinsa take. Wanda ya karanta ta da safe yana sane da ma'anarta, zai riƙe sitiyari da hannu biyu har ya kashe mota a ƙofar gidansa.

Allah ya kai matafiyanmu gidajensu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, ya ba masu jinya sauƙi. Mu haɗu a wannan fili mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.